Wilf Sugden da Murhun Hilda

A layin dogonmu na Kelderby akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Idan ɗaya daga cikinmu ya mutu aka ƙone gawarsa, iyalinsa kan kawo tokar tasha. Sai a zaɓi kan jirgin da mamacin ya fi so, a hura masa wuta, a ja taragu har zuwa hawan da ke gaban doguwar gada, inda inji ke nishi da gaske. A nan mai wuta zai juye tokar a kan shebur ya jefa ta cikin murhu, direba ya saki tururi gaba ɗaya, ya ja usur mai tsawo. Mutumin ya fita ta bututu tare da hayaƙi, ya sauka a kan tumakin kwarin da shanyar matan ƙauye. Har yau ba mu sami wanda ya dawo ya ce tafiyar ba ta yi masa daɗi ba.

Wilf Sugden ya ga an yi wa mutane da yawa haka, kuma shi ke goge shebur ɗin kafin a yi. Abin da ya roƙa a duniya bai wuce wannan ba: in ya mutu, a jefa shi a murhun Hilda, ba murhun wani inji ba. Ya faɗa wa matarsa Mavis, ya faɗa wa kwamiti, ya faɗa mini ni da nake sayar da tikiti ta taga, ya kuma faɗa wa baƙi da dama waɗanda hanyar ban ɗaki kawai suka tambaye shi.

An haife shi a jerin gidajen da ke bayan tasha, tun jirgi na ɗaukar kwal da ulu da mutanen da suke da inda za su. Ubansa mai gyaran dogo ne. Yana barin makaranta ya je neman aikin jirgi, aka tura shi wurin likita, likita ya kai shi wani ɗaki mai duhu ya kunna masa fitila.

"Wane launi ne wannan?"

"Kore."

"Wannan fa?"

"Shi ma kore ne, sai dai ya fi wancan haske."

Ja ne. Likita ya kashe fitila ya ce masa duniya na da faɗi, akwai sana'o'i da yawa da ba a kashe mutane in an ɗauki ja a matsayin kore. Wilf ya sami aiki a masaƙar ulu, a sashen da ake ɗaure farin zare, inda babu mai tambayarsa launin komai.

Da aka rufe layin, wasu mutane suka taru suka ce ba za su bari a tumɓuke dogon ba. Suka karɓi guntun da ya tashi daga Kelderby zuwa ƙarshen kwari, suka share ciyawa, suka samo tsofaffin injina masu tururi, suka fara yawo da baƙi ranakun Asabar da Lahadi. Jirgin ba ya kai kowa ko'ina. Ka shiga a Kelderby, ka je ka ga bangon dutse da tumaki, ka sha shayi, ka dawo inda ka ajiye motarka. Wilf na cikin waɗanda suka fara zuwa. A lissafinsa, layin da babu albashi, babu fasinjan da ke sauri, ba za a tsaya ana kunna wa mutum fitila ba.

Bai san mu ba. Mu da muka ceci layin ba dogo kawai muka ceto ba, har da dokokinsa, kuma mun riƙe su fiye da yadda masu su na asali suka riƙe. Mutum zai fara da goge inji, in ya daɗe a ba shi shebur ya zama mai wuta, in ya ƙara daɗewa ya zama direba. Tsakanin tsumma da shebur akwai gwajin ido. Wilf ya je gwajin, ya dawo ya ɗauki tsummansa. Likitocin haƙori da malaman makaranta masu ritaya suka yi ta zuwa, ya nuna musu inda ake ajiye man gogewa, bayan 'yan shekaru su wuce shi a ɗakin direba suna ɗaga masa hannu. Yana ɗaga musu.

Sau ɗaya aka ba shi fenti. Ƙarfen gaban inji, wanda tun da aka ƙirƙiro jirgi ja ake shafa masa, Wilf ya kwana biyu yana shafa shi da kore, ya yi kyau ƙwarai. Norman Ackroyd, shugaban kwamiti, ya zo ya tsaya a gabansa yana kallo. Len Holdsworth, babban direbanmu, shi ne ya yi magana.

"Kai Wilf, wa ya mutu?"

"Me ka gani?"

"Ka yi wa injin gemun ciyawa. Ka matsa da shi kafin tumaki su gani."

Daga ranar ake kiransa Danja. Yana amsawa, har a coci.

Hilda ƙaramar inji ce ta wata mahaƙar kwal da ta rufe. An raɗa mata sunan 'yar mai mahaƙar, wadda aka ce ita ma gajera ce mai ƙarfi. Wilf ya gano ta a filin masu sayen tsohon ƙarfe, bishiya ta tsiro ta cikin ɗakin direbanta. Ya dami kwamiti har suka gaji suka kawo ta loko, wato rumfar da muke ajiye injina, aka ba ta lungun ƙarshe inda rufin ke yoyo. Tunaninsa mai sauƙi ne. In shi ya tashe ta da hannunsa, babu wanda zai iya hana shi hawa, ko sau ɗaya ne, ko a cikin filin tasha ne inda babu sigina. Ya gaya wa Norman haka.

"Za mu duba," in ji Norman. A bakin Norman wannan kalma ba ta tsufa.

Wilf ya kwance Hilda cikin bazara guda. Mayar da ita kuwa shi ya cinye sauran rayuwarsa. Gaskiya ita ce ba makaniki ba ne. Yana da haƙuri, yana da tsabta, amma in ya cire noti ya ajiye shi a wurin da ba zai ɓace ba, to ya ɓace ke nan. Aka ɗaga tukunyar tururinta aka ajiye a waje a kan katako, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ce sai ya gama da ƙasa tukuna. Abin da ya iya shi ne gogewa, don haka ya goge. Usur ɗin Hilda da farantin sunanta da duk wani abu na tagulla da ke jikinta suna walƙiya kamar gobe za a ɗaura mata aure, alhali ƙafafunta suna jingine da bango, tukunyarta na waje ruwa na dukanta.

Baƙi kuwa ba don Hilda suke zuwa ba. Suna zuwa ne don Beatrice, wata doguwar inji mai ƙoshi da wani attajirin kudu ya ba mu aro ya manta. Ita ke cikin hotunanmu, ita ke kan kofunan da muke sayarwa. Wilf yana goge ta duk Asabar saboda aikinsa ne, amma ba ya kiran sunanta. "Waccan," yake cewa. In ta wuce tana huci, sai ya juya mata baya ya gyara tamfol.

Mavis tana aiki a ɗakin shayi na tasha. Ta shigo layin ne, a cewarta, don ta riƙa ganin mijinta ko ta taga. 'Yarsu guda ce, tana Ostireliya, tana aiko kati duk Kirsimeti mai hoton rana. Da azahar Mavis kan kai masa burodi da cuku a loko, ta same shi a ƙarƙashin ƙarafa.

"Fito ka ci, tsoho. Ba za ta gudu ba."

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan ɗin nan tun gashina yana baƙi nake jin sa."

"Kafin Ista za ki ji usur ɗinta."

"Wace Istar? Ka faɗa mini shekarar in sayi hula."

Wata safiyar kaka aka same shi zaune a kan bokitin da ya kife, ya jingina da ƙafar Hilda, tsumma a hannunsa. Mutum uku sun wuce sun gaishe shi. Na huɗun ne ya lura cewa Wilf bai ce masa saura kaɗan ba.

An yi jana'iza a cocin ƙauye, muka je da baƙaƙen rigunanmu na aikin jirgi, waɗanda dama don irin wannan suka fi dacewa. Bayan mako guda Mavis ta zo tasha. Wurin ƙona gawa sun ba ta shi a cikin wata robar da ta ce ko sukari ba za ta zuba a ciki ba, don haka ta juye shi a gwangwanin biskit na ɗakin shayi, mai hoton kare. Ta ɗora gwangwanin a kan teburin Norman.

"Ga shi. Yaushe?"

Norman ya cire hularsa, ya kalli gwangwanin, ya kalli taga. "Misis Sugden, kin san Hilda ba ta haɗu ba tukuna."

"Na sani. Ni na fi kowa sani, Mista Ackroyd. Shi ya sa na ce yaushe."

"Yanzu da abin ya zama na girmamawa, kowa zai sa hannu. Ina ganin kafin Ista."

Mavis ta dube shi. "Shi ma haka yake cewa."

Aka ɗora gwangwanin a kan kanta a lungun Hilda, tsakanin gwangwanin giris da na ƙusoshi. An yi niyya da gaske. Asabar ta farko mutum goma sha wani abu suka taru a lungun, suka tsaya suna kallon ƙarafan da Wilf ya jera bisa wani tsari da ya tafi da shi. Asabar ta biyu rabinsu suka zo. Sai Beatrice ta fara yoyon tururi, kuma ita ce ke kawo baƙi, kowa ya koma kanta. Len ne kaɗai bai daina zuwa lungun ba, shi ma ba aiki yake yi ba. Da safe in zai wuce sai ya ƙwanƙwasa murfin gwangwanin da yatsa.

"Danja, an tashi lafiya? Har yanzu kore ne, kar ka damu."

Ista ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Mavis ta ci gaba da zuba shayi. Duk ƙarshen wata tana shiga loko da tsumma ta goge ƙurar gwangwanin, ta goge usur ɗin Hilda tun da ta riga ta zo, sannan ta biya ofishin Norman. Norman ya koyi jin takunta. Sau da yawa na gan shi yana fita ta ƙofar baya da sauri, kamar wanda aka ce masa gada ta karye.

A shekara ta uku ko ta huɗu Clifford Barraclough ya mutu. Likitan haƙori ne, ɗaya daga cikin waɗanda Wilf ya nuna wa man gogewa, ya zama direba, ya kuma zaɓi Beatrice. Ranar da za a kai tokarsa Lahadi ce mai rana, tasha cike da baƙi. Tun ana gobe Norman ya shiga ɗakin shayi da kansa, abin da ba ya yi, ya jira layi ya ragu.

"Mavis, na yi wani tunani."

"Allah ya sa ba ciwo ya yi maka ba. Shayi ko kofi?"

"Gobe za mu kai Clifford. Wuta guda ce, hawa guda ne, shebur ɗin ma shi ne dai wanda Wilf ke gogewa. Na ce ko a haɗa su. Ai sun san juna."

Mavis ta ajiye buta. "A cikin waccan?"

"Inji inji ne. Hayaƙi hayaƙi ne. In ya fita ta bututu, wa zai bambance?"

"Shi zai bambance. Ja da kore ne ba ya bambancewa, Norman, amma waccan ya san ta ko a duhu. Shekara nawa yana goge mata gindi tana fesa masa ruwa? Kuma a haɗa shi da Clifford? Mutumin da ya cire masa haƙorin da ba shi ne ke ciwo ba?"

"Ni dai don ki huta na faɗa."

"In kana so in huta, ga loko can. Ka cire kwat ɗin nan ka nemi sufana."

Washegari aka kai Clifford shi kaɗai. Daga tagar ɗakin shayi ana hango gadar. Mavis ta tsaya da tire a hannu, ta ga Beatrice ta hau hawan, hayaƙin ya yi baƙi, sannan ya yi fari-fari na ɗan lokaci, usur ya cika kwarin. Iska daga can take busowa. Bayan ɗan jim wani baƙo da ke zaune a teburin waje ya ɗaga hannu ya ce akwai wani abu a kan askirim ɗin 'yarsa.

"Kwal ne," in ji Mavis. "Yawancinsa."

Ta shiga bayan kanta ta daɗe tana wanke kofunan da ta riga ta wanke.

Haka aka yi ta tafiya. Mu da muka fara layin muna ta raguwa, sababbi kuwa suna zuwa ne su ɗauki hoto su tafi. Gwiwoyin Mavis suka fara ba ta wahala, ta daina tsayuwa a ɗakin shayi, sai dai ta zo a bas ranar da za ta goge gwangwani. Wata rana ta faɗi a matakalar gidanta, ta kwana a asibiti, 'yar ta bugo waya daga Ostireliya ta shirya mata wuri a gidan tsofaffi a bakin teku, nesa da mu. Aka sa lokacin tafiya, farkon sanyi. Mavis ta zo tasha da sanda, ta tare Norman a ƙofar baya, don ta san nan zai bi.

"Zan tafi, kuma ba zan bar shi a kan kanta kusa da giris ba. Ka kira mai duba tukunya. In za ta yi, a ce za ta yi. In ba za ta yi ba, a faɗa mini a fuskata."

Babu injin da ake hura wa wuta sai sufeto ya duba tukunyarsa ya yarda. Norman ya daɗe yana guje wa kiransa, don muddin ba a duba ba, ana iya ci gaba da cewa Ista. Wannan karon ya kira. Sufeton ya zo, mutum ne marar magana, da 'yar guduma da tocila. Muka yaye tamfol ɗin da Wilf ya ɗaure da hannunsa. Daga sama tukunyar koriya ce, tana nan yadda aka kawo ta. Sufeto ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. A bugu na uku gudumar ta shige ciki har ƙota. Ya zaro ta, ya goge ta da hankici, ya ce yana ganin ba sai ya ci gaba ba.

Len ya tsuguna ya sa yatsa a ramin, tsatsa ta zubo kamar garin shayi. Duk cikin tukunyar da gefunanta na ƙasa sun yi ja wur.

"Ya sha leƙa nan," in ji Len. "Na sha ganinsa yana ɗaga tamfol yana leƙawa, ya ce mini lafiya lau take." Ya miƙe yana kaɗe hannu. "To, a wurinsa lafiya lau take. Ja a kan kore."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake a ranar da ba wannan ba da an yi. Mu ma da muke ganin launi mun wuce ta gaban tamfol ɗin shekara da shekaru, ba mu ɗaga ba.

Kwamiti ya zauna, ya yanke abin da kwamitoci ke yankewa a kan injin da ya mutu. Za a ɗora tukunyar a kan ƙafafun don ta yi kama da inji, a ajiye ta a filin wasan yara kusa da wurin ajiye motoci, tsakanin lilo da kwandon shara. Za a liƙe ƙofar murhun da walda, don kada wani yaro ya shiga ya maƙale. Norman ya je gidan Mavis da kansa ya faɗa mata, wannan kam ya yi. Ya kuma sake yi mata tayin Beatrice, ya ce za a yi jirgi na musamman, ba kowa a ciki sai Wilf, za a ja usur tun daga tasha har gada. Ya gaya mini daga baya cewa ta saurare shi har ƙarshe, ta ba shi shayi, ta tambaye shi ranar da mai walda za ta zo.

Ranar ana yayyafi, irin wanda ba ya sa a buɗe lema amma yana jiƙa mutum. Injin ɗaga kaya ya riga ya sauke Hilda a kan guntun dogo a tsakiyar filin. Rabon da a gan ta a haɗe tun kafin a haifi yawancin ma'aikatanmu na yanzu, kuma ta fi yadda muke tsammani ƙanƙanta. Shirley Clegg, wadda ke mana aikin walda, ta ja wayoyinta ta sa gilashinta a goshi. Sai ga Mavis ta taho daga loko, sanda a hannu guda, gwangwani a hammata, Len na biye da ita yana cewa ta kawo ya riƙe mata.

"Na riƙe shi shekara hamsin, zan iya kai shi can."

"Misis Sugden," in ji Shirley, "kin san in na liƙe, na liƙe ke nan? Ba mai buɗewa."

"Shi ya sa na zo kafin ki liƙe, 'yar nan."

Norman ya matso, ruwa na ɗiga daga hularsa. "Mavis, babu wuta a ciki. Ba za a taɓa hura ta ba. Ba haka al'adar take ba."

"Me ya ce maka? Maimaita mini."

"Ya ce a jefa shi a murhun Hilda."

"To. Wuta ku ne kuka yi alkawarinta. Shi murhu ya ce."

Hawa ɗakin direba ya ba ta wuya. Len ya tura ta baya, Shirley ta ja ta gaba, ta isa tana haki. Len ya miƙo shebur ɗin al'ada, wanda tun bayan Wilf ba a goge shi yadda ya kamata ba. Ta dube shi ta ce ba za ta watsa mijinta a kan ƙarfe mai sanyi ba, zai fi jin daɗi a gwangwaninsa. Ta ɗora gwangwanin a kan shebur, Len ya zura shi a hankali har ƙuryar murhun, ya zaro shebur ɗin babu komai.

Aka tsaya. A nan ne ya kamata a ja usur. Usur ɗin Hilda na nan a samanta yana walƙiya, Len ma ya kai hannu ya ja igiyar, don hannunsa ya saba. Ba abin da ya fito. Ya lalubi aljihunsa ya samo ƙaramin usur na baki, irin na mai kula da taragu, ya busa. Wani kare a wurin ajiye motoci ya amsa.

Can sai Beatrice ta taso daga tasha da jirgin safe, ta wuce ta bayan shingen filin, ta saki usur mai ƙarfi har gilasan motoci suka yi rawa. Norman ya cire hula, fuskarsa ta ɗan saki.

"Kin ji? Ta gaishe shi."

"Mararraba ce a gaba, Norman," in ji Len. "Dole ta busa."

Shirley ta sauke gilashinta ta ce kowa ya juya baya. Muka juya, muna jin ƙarar waldar, muna ganin haskenta a jikin lilo. Wannan ita ce wutar da ta fi kusantar murhun Hilda tun da aka rufe mahaƙar. Da ta gama, muka sauko da Mavis. Norman ya rako ta har tashar bas yana riƙe mata jaka, a hanya ya ce akwai sauran magana guda, kwamiti bai daidaita a kan fenti ba. Asalin launinta kore ne, amma koren da muke da shi na Beatrice ne, ja kuma akwai shi da yawa a sito, kuma an ce yara sun fi son ja. Ya ce ba ya so a yi abin da zai ɓata wa Wilf.

"Ku shafa abin da kuke da shi," in ji Mavis. "Ba zai gane ba."

An shafa ja. Mavis ta tafi bakin teku, ta aiko mana da kati Kirsimeti biyu, na uku bai zo ba. Yara suna hawa Hilda duk Asabar da Lahadi, suna jan igiyar usur, suna yin kukan jirgi da bakinsu, babu mai gwada musu ido. Tagullar ta dushe. Wani lokaci uba kan zo tagata ya tambaya ko ƙaramar jar injin nan tana aiki, sai in ce masa a'a, in miƙa masa tikitin Beatrice.

Ita ma Beatrice sufeto ya fara daɗewa a ƙarƙashinta, kwal ɗin da muke samu kuma daga ƙetare yake zuwa, yana ƙara wuya. Len ya mutu bara. Ya bar wasiyya a kai shi da wata tsohuwar injin kaya da ya koyi tuƙi a kanta, wadda yanzu take kwance a lungun ƙarshe na loko, an ɗaga tukunyarta an ajiye a waje. Tokarsa na ajiye a kan kanta, kusa da giris. Norman ya ce kafin Ista.